Mene ne NQDC, albashin da manyan ma'aikata ke jinkirta karɓa a Amurka?

Duk wanda ya kama aikin kamfani a Amurka, tanadin ritayar da galibi ake fara gabatar masa shi ne 401(k), wanda ya samo suna daga wani sashe na dokar haraji da aka shigar a 1978. Ana yankar wani kaso na albashi kafin haraji a zuba a asusu, sau da yawa kamfani ya ɗora nasa a kai. Sai dai akwai iyaka: a 2025 dala 23,500 ce, da ɗan ƙari ga wanda ya kai shekara 50. Ga shugaban da ke kwasar miliyan a shekara, wannan bai kai cikin cokali ba.

A nan NQDC (Nonqualified Deferred Compensation) ke shigowa. Yarjejeniya ce da babban ma'aikaci zai ce wa kamfani: riƙe min wani ɓangare na albashina ko bonas ɗina, ka biya ni bayan na yi ritaya. Harajin kuɗin shiga sai ranar karɓa, kuma doka ba ta sa masa iyakar adadi ba. Ba kowa ake ba wa ba. Na manajoji ne da masu ɗaukar albashi mai tsoka, shi ya sa lauyoyi ke kiransa shirin "top hat", wato na masu doguwar hular attajirai.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne kuɗin na wa ne. Na 401(k) yana cikin amana ta daban da sunan ma'aikaci, ƙarƙashin kariyar dokar ERISA ta 1974. Ko kamfani ya durƙushe, masu binsa bashi ba su isa su taɓa ba. NQDC kuwa ba ya da wannan kariyar. Lambobin da mutum ke gani a takardar bayanin asusunsa alkawari ne kawai, kuɗin na nan cikin dukiyar kamfani. Idan aka karye, sai ya shiga layi da sauran masu bin bashi marasa jingina, ya samu abin da ya samu. A ganina sunan ajiya ma bai dace da shi ba, rance ne ka ba mai gidanka, kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wasu kamfanoni kan ware kuɗin a abin da ake kira "rabbi trust", sunan da ya fito daga hukuncin da hukumar haraji ta IRS ta yanke a 1980 kan wata majami'ar Yahudawa da ta yi wa malaminta irin wannan tanadi. Amanar tana hana sababbin shugabanni su ce sun fasa biya. Ba ta hana masu bin bashi kwashewa ranar karyewa.

Sai sashe na 409A na dokar haraji, wanda majalisa ta kawo a 2004 bayan abin kunyar kamfanin makamashi na Enron, inda wasu manya suka yi sauri suka zare nasu kafin kamfanin ya rushe a 2001. Yanzu tun kafin shekarar da za a yi aikin ta kama ake zaɓar nawa za a jinkirta da lokacin biya. Mai son sauya ranar sai ya nema wata 12 kafin ta zo, kuma ya tura ta gaba da aƙalla shekara 5. Manyan jami'an kamfanin da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa sai sun jira wata 6 bayan barin aiki. Idan aka saɓa, ma'aikacin ne ke shan tarar kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da aka jinkirta, ƙari a kan harajinsa, da kuɗin ruwa. Ba a cin bashi daga cikin NQDC yadda wasu shirye-shiryen 401(k) ke yarda, ba a kuma mayar da shi asusun IRA, wato asusun ritaya na ƙashin kai, idan an canza aiki.