Tsoka mai santsi da tsoka mai ratsi: bambancin gininsu

Tsokar jikin ɗan Adam da ta dabbobi masu ƙashin baya iri uku ce: tsokar da ke manne da ƙashi, tsokar zuciya, da tsoka mai santsi. Biyun farko ake kira masu ratsi, domin idan aka duba su da madubin ƙara girma za a ga layuka masu duhu da masu haske sun gitta su a jere. Ta ukun ba ta da wannan ratsi. Ita ce ke bangon hanji, tumbi, mafitsara, mahaifa, hanyoyin iska na huhu da jijiyoyin jini, kuma mutum ba ya iya motsa ta da nufinsa. Ko a wajen mahauci ana ganin bambancin: naman cinya yana yagewa zare-zare, ƙundun kaza kuwa, wanda tsoka ce mai santsi, a cure yake.

Ƙwayar halitta (cell) ta tsokar ƙashi doguwa ce, kaurinta maikuromita 10 zuwa 100 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tsawonta kan kai santimita da dama, kuma tana da cibiyoyi (nucleus, wato cibiyar da ke sarrafa ƙwaya) masu yawa a gefe-gefe, saboda ƙwayoyi da yawa ne suka haɗe tun a ciki suka zama ɗaya. A cikinta zaruruwan furotin biyu, siririn aktin da kakkauran mayosin, sun jeru cikin ƙananan ɗakuna da ake kira sarkomiya, kowane ɗaki tsawonsa kusan maikuromita 2, iyakarsa layin Z a kowane ɓangare. Daidaituwar ɗakunan nan gefe da gefe ita ke haifar da ratsin. A 1954 ne Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa zaruruwan ba gajarcewa suke yi ba, zamewa suke yi a kan juna. Ƙwayar zuciya ma haka take, sai dai gajera ce, mai rassa, da cibiya ɗaya ko biyu.

Ƙwayar tsoka mai santsi kuwa siffar mazari gare ta, kauri a tsakiya, tsini a baki biyu, da cibiya ɗaya tak. Tsawonta kusan maikuromita 20 ne a ƙananan jijiyoyin jini, amma a mahaifar mai juna biyu yakan kai 500. Aktin da mayosin duk suna nan, sarkomiya ce babu. Zaruruwan sun ratsa ƙwayar a karkace kamar raga, suna ɗaure da wasu ƙullutai masu duhu da ke warwatse a ciki da jikin bangon ƙwayar. Su ne madadin layin Z. Aktin ya fi yawa ƙwarai a nan, fiye da goma ga kowane mayosin ɗaya, alhali a mai ratsi biyu ne ga ɗaya. Idan ƙwayar ta tsuke, murɗewa take yi kamar an matse jiƙaƙƙen tsumma, har cibiyarta ta nannaɗe.

Wannan gini shi ne sirrin aikinta, kuma a nan ya kamata ɗalibi ya fi mai da hankali. Tunda babu layin Z da zai tare zaruruwa, tana iya gajarcewa fiye da rabin tsawonta, tsokar ƙashi kuwa da wuya ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa mafitsara ke cika ta miƙe, sannan ta matse ta fitar da fitsari duka.

Kalsiyam ne ke kunna dukkansu, amma ta ƙofa daban. A mai ratsi yana kama furotin ɗin toroponin da ke kan aktin, sai tsukewa ta zo cikin ƙiftawar ido. Mai santsi ba ta da toroponin. Kalsiyam yana kama wani furotin mai suna kalmodulin, shi kuma ya tayar da wani sinadari da ke liƙa wa mayosin fosfet. Hanyar doguwa ce, don haka tsukewar a hankali take zuwa, amma tana daɗewa ba tare da cin ƙarfi sosai ba. Bangon jijiyar jini yakan yini ya kwana a ɗame bai gaji ba. A hanji da mahaifa akwai ƙananan kafofi tsakanin ƙwaya da ƙwaya, saƙo yana bi ta ciki su tsuke tare. A tsokar da ke cikin ido kuwa, inda ake son motsi daidai wa daida, kusan kowace ƙwaya da nata saƙon jijiya.

Cututtuka da magunguna da dama a kan wannan bambanci suka tsaya. A ciwon asma tsokar hanyoyin iska ce ke ɗamewa, salbutamol ke sassauta ta. Amlodipine da nifedipine suna toshe ƙofar da kalsiyam ke shiga ƙwayar daga waje, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya sauka. Ba sa raunana hannu ko ƙafa, domin tsokar ƙashi daga rumbunta na ciki take ɗibar kalsiyam. Idan mahaifa ta kasa tsukewa bayan haihuwa, jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe suna ta zubar da jini, shi ya sa ake yin allurar oksitosin nan take. Ƙwayar tsoka mai santsi tana iya rabuwa ta hayayyafa, abin da ke taimaka wa mahaifa girma, amma kuma shi ne tushen ƙarin mahaifa da ake kira fibroid. Ƙwayar zuciya idan ta mutu tabo ne ke maye gurbinta, toroponin ɗinta kuma ya malala cikin jini, inda likita ke auna shi don tabbatar da ciwon bugun zuciya (heart attack).