Daga Kano zuwa Legas: nisan hanya da lokacin da tafiyar ke ci

Nawa ne nisan Kano da Legas?

Idan a miƙe ne, yadda jirgin sama ke bi, kusan kilomita 830 ne. A mota kuwa sai an ci kilomita 1,000 ko fiye, gwargwadon hanyar da direba ya ɗauka.

Awa nawa jirgin sama ke yi?

Kimanin awa ɗaya da rabi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja. Amma kada ka yi wa wani alkawari da wannan lissafi. Dole ka isa fili da wuri don awon kaya da bincike, ga jinkirin tashi, musamman da hunturu idan hazo ya rufe Kano. Ka sauka kuma cunkoson Legas na jiranka, har ta kan yiwu daga Ikeja zuwa cikin gari ya ci lokacin da ya fi wanda ka yi a sama.

A mota fa?

Manyan hanyoyi biyu ne. Ta farko ta bi Zariya da Kaduna, ta ratsa Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, ta haye kogin Kwara a gadar Jabba, sannan Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sai Legas. Ita ce mafi kusa, sai dai 'yan bindiga sun daɗe suna addabar yankin Birnin Gwari, wasu sassanta kuma duk ramuka. Shi ya sa direbobi da yawa suka gwammace su zaga ta Abuja da Lokoja da Okene, duk da ta fi tsawo. Babbar bas kan yi awa 16 zuwa 20 idan Allah ya sa an tafi lafiya. Tirela mai kaya kuwa kwana biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

Me ke cinye lokacin haka?

Ba nisan kaɗai ba ne. Shingayen bincike ne birjik, ga tsayawar salla da cin abinci, ga tirelar da ta lalace ta tare hanya, motoci su yi jerin gwano a bayanta. Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne mai tumatir. Ya yi lodin kwanduna daga Kura ko Kadawa, ana jiransa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kowace awa da ya ɓata a hanya na ƙasan kwando na narkewa, ruwa na tsiyaya ta gefen mota. Asarar nan gaskiya tana da ciwo, domin gumin manomi ne na wata da watanni.

Babu jirgin ƙasa ne?

Layin dogo ya iso Kano tun 1911, amma a lokacin da tsohon jirgi ke jigilar fasinja, yakan yi sama da awa 30 kafin ya kai Legas. Sabon layi ya haɗa Abuja da Kaduna a 2016, ya haɗa Legas da Badun a 2021, tsakiyar kuma ba ta haɗe ba tukuna.

To wanne ya fi?

Mai gaggawa da ke da halin kuɗin tikiti, da mara lafiya, da dattijo, su bi sama. Mai kaya da yawa ko ƙaramin ƙarfi sai mota. Ya je tasha da sassafe, ya tambayi direba hanyar da zai bi kafin ya biya kuɗi, kuma ya guji motar da za ta ratsa dajin Birnin Gwari da dare.