Waiwaye: Yadda ajin Faransanci a Kanada ya koma sai da ƙuri'a

A shekarar 1963 wasu iyaye a garin Saint-Lambert, tsallaken kogi daga birnin Montreal, suka fara taruwa a gidajen junansu kan damuwa ɗaya. Turanci suke yi a gida, amma suna zaune a lardin Quebec, inda mafi yawan jama'a Faransanci suke yi, kuma a lokacin masu Faransancin sun tashi tsaye wajen ƙwato wa harshensu matsayi a ofis da kasuwa. 'Ya'yan waɗannan iyaye kuwa ana ba su darasin Faransanci na 'yan mintoci a rana, su yi shekaru suna haddar ƙa'idojin nahawu, su gama makaranta ba su iya cinikin burodi da harshen ba.

Mata uku ne suka ja gaba: Olga Melikoff da Murielle Parkes da Valerie Neale. Buƙatarsu ta ba hukumar makarantu mamaki. So suke a tsunduma yaro cikin Faransanci tun ranar farko, a koya masa lissafi da waƙa da karatu da shi, Turanci ya biyo baya. Hukumar ta yi ta jan ƙafa har kusan shekara biyu. Matan suka nemi goyon bayan masana biyu na Jami'ar McGill, Wallace Lambert mai nazarin halayyar ɗan Adam da Wilder Penfield likitan ƙwaƙwalwa. A watan Satumba na 1965 aka buɗe aji ɗaya na share fage da yara 26.

Yadda ajin yake gudana shi ne abin kallo. Malama ba ta furta Turanci ko kalma ɗaya a gaban yara. Yaro zai zo da kuka ya ce da Turanci an ƙwace masa fensir, ita kuma ta durƙusa ta rarrashe shi da Faransanci, tana nuni da hannu, tana maimaitawa, har ya gane. Ba a tsawata masa don ya yi harshen gida. Sannu a hankali yaran da kansu suke fara jefa kalmomin Faransanci cikin maganarsu. Lambert da abokin aikinsa Richard Tucker sun bi sawun yaran shekara da shekara, suka fitar da sakamako a 1972: karatun Turancinsu yakan ɗan ja baya da farko, amma da zarar an fara koya musu shi sai su kamo tsaransu, lissafinsu bai raunana ba, Faransancinsu kuwa ya yi wa na sauran yara fintinkau. Daga baya wata mai bincike, Merrill Swain, ta nuna cewa jin harshen a wurinsu ya fi furta shi ƙarfi, nahawunsu kuma bai kai na 'yan asali ba, amma wannan bai rage wa tsarin farin jini ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ai mu ma haka ake yi mana, yaro ya shiga aji ya tarar da Turanci ko Faransanci. Akwai bambanci babba. Yaron Saint-Lambert malamarsa tana jin harshensa sarai, gidansu cike yake da littattafan Turanci, kuma makarantar za ta dawo ta koya masa karatu da rubutu da harshen nasa. Ƙari aka yi masa a kan abin da yake da shi, kuma iyayensa ne suka zaɓa.

Siyasa ce ta ba abin fukafukai. A 1969 gwamnatin Pierre Trudeau ta kafa dokar da ta daidaita Turanci da Faransanci a ayyukan tarayya, daga 1970 kuma ta fara ba larduna kuɗi don koyar da harsunan biyu. Iya harshe biyu ya zama tsanin samun aikin gwamnati. A 1977 aka kafa ƙungiyar iyaye masu goyon bayan tsarin, mai suna Canadian Parents for French, wadda ta riƙa matsa wa hukumomin makarantu lamba har a lardunan yamma, inda da wuya ka ji Faransanci a titi. Amurka ma ta ɗauka, inda garin Culver City na California ya fara irinsa da Sifaniyanci a 1971. A yau yaran da ke wannan tsari a Kanada sun haura 400,000.

Daga nan ne wahalar shiga ta samo asali. Kundin haƙƙoƙi na Kanada na 1982 ya tabbatar wa tsirarun masu Faransanci da ke wajen Quebec makarantunsu na kansu, amma bai ba mai Turanci haƙƙin ajin tsundumawa ba. Kowace hukuma tana buɗe iya ajujuwan da take da malamansu, malaman da suka ƙware a Faransanci kuwa ba su wadata ba. A wasu garuruwan lardin British Columbia an ga iyaye suna kwana a bakin makaranta cikin sanyin hunturu, da bargo da kujerar naɗewa, don su riga wasu rubuta suna. Da ƙorafi ya yi yawa, hukumomi da dama suka koma jefa ƙuri'a, tare da fifita yaron da yayansa ko yayarsa ke makarantar. A 2017 hukumar Vancouver ta rage ajujuwan share fage na tsarin saboda ƙarancin malamai. A Toronto ana cike takarda tun wajen Nuwamba don shekara mai zuwa, wanda ya nema a kan lokaci zai samu gurbi, sai dai ba lalle a makarantar unguwarsu ba. Wanda ya rasa ƙofar farko sai ya jira ta biyu, wadda a wasu wurare sai aji shida ko bakwai.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda ake bari a baya. Kwana a layi sai mai aikin da zai iya ɗaukar hutu, kai yaro makaranta mai nisa sai mai mota, sanin ranar rufe rajista kuma sai wanda ya san gari. Baƙon da ya sauka ƙasar a watan Maris da 'ya'ya uku ya riga ya makara. Shi ya sa ake zargin tsarin da zama makarantar kuɗi a cikin ta gwamnati, inda yara masu buƙata ta musamman da 'ya'yan marasa ƙarfi suke taruwa a ajin Turanci. Zargin yana da tushe, amma a ganina maganinsa horar da malamai da ƙara gurabe.

Lardin New Brunswick ya gwada akasin haka har sau biyu. A 2008 gwamnati ta yi yunƙurin soke tsarin a ƙananan ajujuwa, iyaye suka kai ta kotu, aka ƙare da mayar da shiga aji uku, kafin a dawo da shi aji ɗaya a 2017. A 2022 gwamnatin shugaban lardin, Blaine Higgs, ta sake shirin maye gurbinsa da rabin yini na Faransanci ga kowane yaro. Ministan ilimi Dominic Cardy ya ajiye aiki, iyaye suka cika zaurukan jin ra'ayi suna adawa, a watan Fabrairu na 2023 gwamnatin ta janye shirin.