Waiwaye: yadda facin burauza ya zama rigima a Linux

Jiya wani ɗalibi ya kawo min laftop ɗinsa shago nan wajen Terminus a Jos, Linux Mint ne a kai, wani nau'in sistem ɗin Linux, ni na sa masa da hannuna bara. Ina buɗe Firefox sai na ga tun ranar bai taɓa yin afdet ba. Na ce ƙanena ya haka? Wai data yake ci, kuma an ce masa Linux ba ya kamuwa da bairos. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don da burauzar nan yake shiga imel ɗinsa da akawun na banki, kuma ita ce ƙofar da masu kutse suka fi ƙwanƙwasawa ko wane irin sistem mutum yake amfani da shi.

Maganar facin burauza a Linux ta daɗe. Tun asali tsarin Debian, wata daɗaɗɗiyar Linux wadda Ubuntu da Mint suka fito daga tsatsonta, shi ne in sun fitar da siga sai su bar manhajojin ciki yadda suke, in an gano ɓaraka sai a ciro gyaran daga sabuwa a liƙa wa tsohuwa, kamar dai mai faci da taya. A ƙananan manhajoji abin yana tafiya lafiya lau, amma burauza ta gagara. A 2006 Mozilla, mai yin Firefox, ta ce in Debian za ta riƙa taɓa Firefox toh sai ta ga facin ta amince kafin a ci gaba da kiransa Firefox, ga kuma batun tambarin da lasisinsa bai dace da ƙa'idar Debian ba. Su kuwa suka ce ba za su jira izinin kowa ba, suka canza masa suna zuwa Iceweasel, aka yi shekara 10 a haka sai 2016 sunan ya dawo.

Ana cikin haka ne a 2011 Mozilla ta koma fitar da sabuwar siga duk sati 6, daga baya a 2020 ma ta mayar da shi sati 4, toh ina 'yan sa kai za su iya bin wannan gudun da faci ɗaya bayan ɗaya? A 2012 aka ƙirƙiro Firefox ESR, wadda ake kula da ita kusan shekara guda, Debian ta haƙura ta koma binta. Duk da haka ba a tsira ba, ƙarshen 2021 Chromium na Debian, burauzar da Google ke gina Chrome a kanta, ya maƙale a siga ta 90 wata da watanni alhali Google ta kai 96, ɓarakar da duniya ta riga ta sani tana nan a buɗe a kwamfutocin mutane.

Ubuntu ta bi wata hanyar daban, ta mayar da Chromium cikin snap, wani salon ƙunshe manhaja tare da duk abin da take buƙata, a 2019, Firefox ya biyo baya, don ƙunshi ɗaya ya isa kowace siga kuma ya riƙa sabunta kansa. Mint ta ƙi yarda, ita take haɗa nata. Ni dai na fahimci dalilin Ubuntu amma duk wanda ya taɓa buɗe snap a tsohuwar laftop ta hannu mai hard disk ya san jiran da ake sha, ga nauyin saukewa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na Satumba 2023, aka gano ɓaraka a libwebp, manhajar da ke buɗe hotunan WebP, wato hoto kawai za ka gani a shafi a iya shigo maka, kuma an riga an fara amfani da ita kafin gyara ya fito. Ta shafi Chrome da Firefox duka. A Oktoba 2024 kuma ESET, kamfanin tsaron kwamfuta, ta kai wa Mozilla rahoton wata ɓarakar Firefox da ake kai hari da ita, cikin awa 25 suka fitar da gyara. Mutane sun hana idonsu barci a can, gyaran ya zo har Jos, ya tsaya yana jiran a danna maɓalli ɗaya.

Na haɗa masa da hotspot ɗina muka zauna, sanyi na kaɗawa, afdet ya ci wajen minti 40 har aka ɗauke wuta muka ƙarasa da batir. Da zai tafi ya ce yaya, toh sau nawa zan riƙa yi? Na ce duk Juma'a in ka dawo masallaci, in ba ka da data ka zo nan.