Idan Awon Jini Ya Faɗi, Ƙarin Ruwa Kaɗai Ba Ya Isa

"An yi masa ƙarin ruwa leda uku a gida, amma jikin sai ƙara rikicewa yake." Wannan maganar mun ji ta a ɗakin gaggawa har mun haddace. Mai jego ce da zazzaɓi ya rufe kwana huɗu bayan haihuwa, ko dattijo mai ciwon suga da gyambon ƙafa, ko saurayin da taifot ya huda wa hanji. Ka ɗaura abin awo a damtse, ka ga lambar sama ta gangaro ƙasa da 90. Hannu da ƙafa sun yi sanyi, numfashi sama-sama, fitsari ya ɗauke tun jiya, mutum yana ta sambatu.

Likitoci na kiran wannan hali sefsis: ƙwayoyin cuta sun yi ƙarfi, jiki ya tashi yaƙarsu, yaƙin kuma ya koma yana lalata gaɓoɓin jikin kansa. Wani bincike na duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum kusan miliyan 11 ne suka mutu ta wannan hanya.

Da mun ce jini ya faɗi, sai 'yan uwa su fara naɗe hannun riga za su ba da jini. Ba ƙarancin jini muke nufi ba, ƙarfin tafiyarsa ne ya ragu. Duk mai noman rani ya san mesar da ta saki ta kuma tsattsage: injin na aiki, ruwa na shiga, amma ba ya kai ƙarshen lambu. Haka jijiyoyin jini ke yi a sefsis, su buɗe, su saki, su riƙa yoyo. Ƙoda da ƙwaƙwalwa su ne ƙarshen lambun. Ruwa na da amfaninsa, shi muke fara sawa tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake so ya shiga jiki cikin awa ɗaya. Amma in aka yi ta ɗura ruwan a mesa mai yoyo, a huhu yake taruwa. A Lusaka ta Zambiya, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan da aka bi da su ta tsarin ruwa mai yawa sun fi mutuwa, kashi 48 cikin ɗari, waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kashi 33.

Abin da ke matse jijiyoyin su dawo da ƙarfinsu magani ne mai suna noradiranalin. Inda babu shi, akan yi amfani da adiranalin. A da sai an gama ruwa an ga bai yi ba, sannan a waiwaye shi, galibi lokaci ya ƙure. A asibitin Siriraj na Bankok, Tailan, an gwada fara shi da wuri kan majiyyata 310. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna kashi 76 na waɗanda suka samu da wuri jininsu ya daidaita cikin awa shida, a ɗaya rukunin kashi 48. Ƙa'idojin duniya na kula da sefsis na 2021 ma sun yarda a fara shi ta jijiyar hannu, ba sai an jira sa doguwar allura a wuya ba. Wannan sassaucin ya fi yi wa irin asibitocinmu rana.

To, ga inda nake roƙonku, jama'a. Wannan ba maganin kemis ba ne, ba kuma na mai allurar unguwa ba. Ɗigo-ɗigo yake shiga, ana awo a kai a kai, ana ƙarawa ana ragewa. Awannin da aka ɓata ana rataya leda a ƙusar ɗaki, su ne awannin da ƙoda ke mutuwa. Zazzaɓi in ya haɗu da ruɗewa, ko haki, ko ɗaukewar fitsari, a nemi mota a nufi babban asibiti ko da tsakar dare ne. In kuma ƙaramin asibiti ya ce ku wuce gaba, ba korar ku aka yi ba.

Mai jinya, in an ɗaura wannan maganin, don Allah kada ki taɓa makunnin ledar wai ya yi jinkiri. Na taɓa tarar da wata baiwar Allah ta buɗe shi don tausayin ɗanta, bugun zuciyarsa ya hargitse, da ƙyar muka shawo kansa. Kada kuma a cire don zai shiga bayi. Ki sa ido a wurin allurar: in ya kumbura, ko fatar ta yi fari-fat, ko yana kukan zafi a wurin, kira nas nan take.