Mene Ne "Giren" da Maharba Ke Ta Ambata?

Duk mai bibiyar bidiyon farauta da kwari da baka kwanakin nan ya sha jin ana cewa tsinin kibiya mai giren 100, mai giren 125, mai giren 200. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sharhin da ke mayar da kalmar giram kai tsaye, ko ɗar ba sa ji.

Giren daban, giram daban. Giren tsohon ma'auni ne na Ingila, asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda ɗaya. Guda 7,000 ne ke yin laba ɗaya, kuma tun yarjejeniyar 1959 da ta daidaita laba tsakanin Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe, giren ya tsaya a kan kusan miligiram 64.8. Da shi ake auna harsashi da albarushi har yau. Ke nan giram ɗaya ya haura giren 15, kuma tsini mai giren 125 giram 8 ne da ɗan ɗoriya. Da a ce giram 125 ne da gaske, da ya kai wajen giren 1,930, nauyin cikakkun kibau huɗu a kan kibiya ɗaya. Wane baka ne zai kai wannan ko'ina?

Wannan kuskuren ma da sauƙi, lissafi kaɗai zai gyara shi. Wanda ya fi damuna shi ne zancen nan na cewa baka mara ƙarfi sai tsini mara nauyi, don wai kibiya ta yi gudu. Gudu ba shi ne shiga ba. Bakan gargajiya mai ƙarfin laba 35 ko 40, wato ƙarfin da ake sa wa wajen jan tsirkiyarsa, ba shi da rarar ƙarfin da za a zubar, kuma kibiya mai ɗan nauyi ta fi kwashe ƙarfin da ke cikin bakan idan an saki tsirkiya. Mara nauyi kuwa sai ta bar sauran a jikin itacen, ka ji ƙara, ka ji girgiza a tafin hannunka, dabba ta zabura. Mafi muni, kibiyar ta shiga rabi, barewa ta tsere da rauni ta je ta mutu inda ba a gani. Wannan zalunci ne, kuma ana iya kauce masa.

Lambar da ke jikin tsinin ita kaɗai ba ta ce komai ba sai an haɗa ta da kibiyar gaba ɗaya. Maharba da yawa suna neman giren 10 zuwa 12 a kan kowace laba ta ƙarfin baka. Ɗauki baka mai laba 40, ana son kibiya mai giren 400 zuwa 480. Idan sandar da gashinta da sauran tarkacenta sun tashi 270, abin da ya rage wa tsini ya kama daga 130 zuwa 210. Ka ga 100 ɗin da ake ta yayatawa bai ma shigo ciki ba. A tuna kuma, ƙarfin da aka rubuta a jikin baka yawanci a jan inci 28 aka auna shi. Mai gajeren hannu ba ya samunsa duka.

Sai dai nauyi ma yana da illarsa. Kibiya za ta riƙa saurin faɗuwa, dole a matso kusa, yadi 15 zuwa 20. Sannan duk lokacin da aka ƙara nauyin gaba, sandar tana ƙara lanƙwasa a lokacin saki, idan ta yi laushi da yawa sai ta tafi tana wutsil-wutsil ta isa a karkace. Shi ya sa ake cire gashin kibiya ɗaya a harba ta tare da masu gashi. In sun faɗa wuri guda a miƙe, tsinin ya dace da sandar. Ni dai ga irin wannan bakan, tsini mai kaifi biyu wanda ke yanka tun daga bakinsa nake zaɓa, giren 150 zuwa sama, a wasa shi har ya aske gashin hannu.