Ma'anar “mutuwar” gilashin taga mai ninki biyu, da abin da ake sauyawa idan ya mutu

Duk wanda ya zauna a Birtaniya ko wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi, da wuya a ce bai taɓa cin karo da tagar da gilashinta ya yi hazo ba, irin hazon da za a goge ta cikin ɗaki ya ƙi fita, a zagaya a goge ta waje ya ƙi fita, domin danshin yana can tsakanin gilasai biyu inda hannu ba ya kaiwa. Masu sana'ar gilashi a Ingila suna cewa irin wannan gilashi ya huje, ko ya gaza, ko ya yi hazo, mu kuma a bakinmu abin da ya fi sauƙin faɗa shi ne ya mutu. Kalmar tana ruɗa mutane, musamman baƙon da ya taso da tagar luba ko tagar alminiyon mai gilashi falle ɗaya, domin idan ya duba ba ya ganin tsaga ko fashewa, taga tana buɗewa tana rufuwa lafiya lau, amma an ce masa ta mutu.

Abin da Turawa ke kira dabul gilezin, wato gilashin taga mai ninki biyu, ba gilasai biyu ba ne kawai da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Faranti ne guda da ake haɗawa a masana'anta a rufe shi ruf. A mafi yawan gidajen Birtaniya kowane falle yana da kaurin milimita 4, tsakaninsu kuma akwai rata ta milimita 16 ko 20, shi ya sa za a ji mai gilashi yana cewa faranti mai kaurin 24 ne ko 28. Abin da ke riƙe ratar wata siririyar sanda ce da ta zagaye gefen gilashin, a da ta alminiyon, yanzu kuma an fi yin ta da roba mai tauri wadda ba ta ɗaukar sanyi da sauri. Cikin sandar rami ne, an cika shi da wasu ƙananan ƙwayoyi masu shanye danshi, 'yan uwan waɗanda ake samu a ɗan ƙunshin takarda cikin kwalin sabon takalmi. Daga nan sai a liƙe gefen da danƙo hawa biyu: na ciki, wanda ake kira butil, shi ne ke tare tururin ruwa, na waje kuma shi ne ke riƙe fallayen biyu su zama abu ɗaya. A faranti na zamani ana fitar da iskar da ke cikin ratar a ɗura iskar agon, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kuma zafi ba ya ratsa ta da sauƙi kamar yadda yake ratsa iska, sannan a shafa wa fuskar ɗaya daga cikin fallayen wani siririn shafe na ƙarfe da ido ba ya gani, wanda ke mayar da ɗumin hita cikin ɗaki.

Dabarar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Stetson ya yi rajistar ta tun 1865, an fara sayar da ita sosai a Amurka da sunan Thermopane a shekarun 1940, a Birtaniya kuwa sai bayan tashin farashin mai na 1973 ta bazu a gidajen talakawa. Amfaninta ana auna shi da wata lamba da ake kira ƙimar U, wadda ke nuna yawan zafin da ke tserewa ta kowane murabba'in mita, kuma ƙanƙantar lambar ita ce alheri. Gilashi falle ɗaya yana kusan 5.8, tsohon mai ninki biyu da iska kawai a cikinsa yana kusan 2.8, na zamani mai agon da shafen ƙarfe kuma yana sauka zuwa wajen 1.2.

Saboda haka idan aka ce gilashi ya mutu, abin da ya mutu shi ne liƙin gefensa. Yadda abin ke faruwa a hankali ne. Rana ta bugi taga, iskar da ke cikin ratar ta ɗumama ta kumbura ta tura fallayen waje. Dare ya yi, ta huce ta tsuke ta jawo su ciki. Wannan numfashi yana gudana kowace rana shekara da shekaru, kuma duk nauyinsa a kan danƙon gefe yake sauka, har wata rana ya saki a wani wuri da bai fi bakin allura ba. Daga nan agon ya riƙa sulalewa, iskar waje mai danshi ta riƙa shiga. Mai gida ba zai ga komai ba a farko, domin ƙwayoyin cikin sanda suna shanye danshin, wataƙila na watanni masu yawa. Ranar da suka ƙoshi ita ce ranar da hazo ke bayyana, galibi daga wata kusurwa ta ƙasa, ya zo da safe ya ɓace da rana. Idan aka bar shi sai ya zama ɗigon ruwa mai gangarowa, daga baya ya bushe ya bar farin tabo kamar na kanwa a fuskar gilashin ta ciki, tabon da babu sabulun da zai kai gare shi. Wannan ne dalilin da ya sa a Birtaniya, inda rana ke karkata ta kudu, tagogin da ke fuskantar kudu suke riga sauran mutuwa ko da a rana ɗaya aka saka su.

Faranti mai kyau da aka saka daidai yakan kai shekara 15 zuwa 25. Wanda ya mutu cikin shekara biyar ko shida, a ganina ba tsufa ba ne, akwai laifin aiki a ciki, kuma laifin da ya fi yawa shi ne ruwa. An ƙera firam ɗin roba na uPVC da sanin cewa ruwan sama zai ɗan ratsa, don haka aka yi masa ƙananan ramuka a ƙasa da ruwan zai bi ya fita, aka kuma tanadi wasu 'yan weji na roba da ake ɗora farantin a kansu domin gindinsa kada ya taɓa ƙasan firam. Idan ƙura da gansakuka suka toshe ramukan, ko mai sakawa ya yi ganganci bai sa weji ba, sai gindin farantin ya zauna cikin ruwa hunturu bayan hunturu har danƙon ya ruɓe. A tsofaffin tagogin katako kuma akwai matsalar danƙon gargajiya da ake kwaɓawa da mai, wanda ba ya jituwa da liƙin farantin.

Ya kamata a bambanta wannan da gumin da ke kwantawa a fuskar gilashi ta cikin ɗaki, wanda yatsa ke iya sharewa. Wannan gumi ɗaya yake da wanda ke fitowa a jikin kwalbar ruwan sanyi da aka ciro daga firji: tururin girki, da wanka, da shanyar kaya a kan hita ne ya sami wuri mai sanyi ya kwanta. Maganinsa buɗe taga da kunna fankar da ke zuƙe tururi, sauya gilashi ba zai kawar da shi ba.

Inda kalmar “mutuwa” take jawo wa mutane asara shi ne wajen gyara. Taga kashi biyu ce, firam da farantin gilashi, kuma an yi farantin ne yadda za a iya cire shi a saka wani ba tare da an taɓa bango ba. Matuƙar firam bai ruɓe ba, bai lanƙwashe ba, makullinsa da hinjinsa suna aiki, babu abin da ya wajabta sauya taga gaba ɗaya, kuma kuɗin faranti kaɗai ɗan kaso ne na kuɗin sabuwar taga. Dillalin da ribarsa ke cikin sayar da cikakkiyar taga ba lallai ne ya fara da wannan bayani ba. Doka ma ta raba su. A Ingila da Wales, tun daga Afrilun 2002, sauya taga da firam ɗinta aiki ne da ke ƙarƙashin dokokin gini, wanda ke buƙatar takardar shaida daga ƙaramar hukuma ko daga mai aikin da ke da rajista da FENSA ko Certass, wato ƙungiyoyin da ke tantance masu saka tagogi, takardar da lauyoyi ke nema ranar da za a sayar da gida. Sauya faranti kaɗai kuwa ana lissafa shi cikin gyara. Abin da ba a sassauta ba shi ne batun tsaron lafiya: gilashin taga da ke ƙasa da milimita 800 daga daɓen ɗaki, da na ƙofa da ke ƙasa da milimita 1500, da na gefen ƙofa da ke cikin milimita 300 daga bakinta kuma ƙasa da milimita 1500, dole ne ya zama gilashin da ba ya yanka mutum idan ya fashe, wato ko gasasshe mai rugujewa kamar tsakuwa, ko mai leda a tsakiya. Ana gane shi da ɗan hatimi a kusurwa, kuma gasasshen yana ɗauke da lambar BS EN 12150.

Akwai masu tallar cewa za su cire hazon ba tare da sauya faranti ba, ta hanyar huda ƙaramin rami a gilashin, su wanke ciki, su busar, su sa ɗan marfi mai barin iska ta fita. Wani lokaci taga takan washe. Amma agon ɗin da ya tafi ba ya dawowa, farin tabon da ya riga ya ci gilashi ba ya fita, gasasshen gilashi kuma ba a iya huda shi sai dai ya tarwatse. Ban ga hikimar biyan kuɗi a kan wannan ba alhali sabon faranti bai fi shi tsada da yawa ba.

Mafi wahalar aikin sauyawa shi ne awo, domin ana haɗa kowane faranti ne bisa oda, kuma da zarar an liƙe shi babu ragi babu ƙari. Mai aiki yakan ɓalle siraran sandunan roba da ke riƙe gilashin, ya auna faɗi da tsawon gurbin firam a wurare uku, ya ɗauki mafi ƙanƙanta, ya rage kimanin milimita 10 domin a sami sararin weji da na motsi. Sannan ya auna kauri, domin faranti mai 28 ba zai shiga gurbin mai 24 ba. Akwai wata dabara mai ban sha'awa ta gane ko tsohon farantin yana da shafen ƙarfe: a kunna ashana ko laita da dare a kusa da gilashin, a duba ta gefe. Za a ga harshen wuta huɗu a jere, ɗaya daga kowace fuskar fallayen biyu. Idan dukkansu launinsu ɗaya ne, babu shafe; idan ɗaya ya sha bamban, ya ɗan yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi, to a wannan fuskar shafen yake. Yana da kyau a leƙa jikin sandar tsakani ma, domin masana'antu da yawa suna buga ranar ƙira a kanta, kuma garantin da aka saba bayarwa a Birtaniya na shekara 10 ne, don haka mai yiwuwa ne gyaran ba daga aljihun mai gida zai fito ba.

Ranar sakawa, ana cusa wuƙa mai faɗin baki irin ta masu fenti a tsakiyar doguwar sanda a ɓalle ta tukuna, domin ita ce ke lanƙwasawa, sannan gajerun, a bar ta sama a ƙarshe hannu na tare da gilashin. Nauyi abin lura ne, domin kowane murabba'in mita na faranti mai falle biyu na milimita 4 yana kai kilo 20, gefensa kuma yana da kaifi. Bayan an ɗauke tsohon, sai a share gurbin, a zura waya a ramukan ruwa a tabbatar sun buɗe, wanda shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa har sabon farantin ya bi sahun tsohon. Sai a ɗora sabon a kan weji, a bi takardar da masana'anta ta manna mai nuna fuskar da za ta kalli waje, a mayar da gajerun sanduna, a ƙarasa da dogayen da guduma ta roba. A ƙofa da tagar da ke buɗewa ta gefe akwai ƙarin ƙa'ida: ana cusa weji a kusurwar ƙasa ta wajen hinji da kusurwar sama ta ɗaya ɓangaren, yadda gilashin kansa zai zama tokari mai ɗauke nauyin ƙyauren. Idan aka manta da wannan, cikin 'yan watanni ƙofa za ta sunkuya ta fara goga ƙasa, makulli ya ƙi shiga. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zan ce ƙaramar tagar ƙasa, mutumin da ya iya aikin hannu kuma yake da kayan aiki zai iya gwadawa, amma ƙofa da tagar bene a bar wa masu sana'a. Ɗan haya kuma nasa shi ne ya ɗauki hoto ya sanar da mai gida a rubuce, ba ya taɓa taga da kansa ba.

Akwai gumi na uku da ke tayar wa mutane hankali bayan an gama aiki. Da sanyin safiyar kaka ko ta bazara, bayan daren da sama ta washe, sai a tashi a ga sabon gilashin ya jiƙe da raɓa ta waje, alhali tsohon da ke kusa da shi a bushe yake, mai gida ya ɗauki waya yana cewa an sayar masa da mataccen faranti. Abin da ya faru shi ne sabon ya hana ɗumin ɗaki isa ga fallen waje, sai fallen ya yi sanyi kamar gilashin motar da ta kwana a fili, raɓa ta kwanta masa, tsohon kuwa ya bushe ne saboda zafin hita yana ratsa shi yana fita. Raɓar takan ɓace da zarar rana ta ɗaga ko iska ta kaɗa, kuma ana iya share ta da tsumma daga waje.